A Fara Koya wa Yaro Karatu da Harshen da Yake Ji

Duk wanda ya bi ta bayan tagar aji biyu na firamare a Kano ko Gusau ya san wannan amo: malami ya karanta jimlar Turanci a kan allo, yara su amsa baki ɗaya da iya ƙarfinsu. Amma a ware yarinya ɗaya a tambaye ta wa ya tafi kasuwa a cikin jimlar, me kuma ya sayo, sai ta sunkuyar da kai. Hadda ta yi, ba ta karanta ba. Rahoton Bankin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara, yara 89 cikin 100 masu shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane abin da ya ƙunsa.

Shi ya sa muke ganin kuskure ne soke tsarin koyarwa da harshen uwa da ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar a Nuwamban 2025, shekara uku kacal bayan amincewa da shi. Ɗan shekara shida yana zuwa makaranta da Hausa cike da baki. Ya san tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, yana iya bayyana dabarar da Gizo ya yi da dalilinsa na yin ta. Ashe fahimta tana nan, saura a haɗa masa harafi da sauti, kuma rubutun Hausa kusan yadda ake furtawa haka ake rubutawa. Idan aka fara masa da Turanci, an ɗora masa kaya biyu lokaci guda: gano haruffa, da laluben ma'ana a harshen da ba ya ji.

Iyaye da yawa na fargabar cewa 'ya'yansu za su rasa Turanci, alhali da shi ake jarrabawa, da shi ake neman aiki. Fargabar tana da tushe, amma an riga an gwada. A shirin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, an koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda. Ba a bar su a baya a Turancin ba, sun ma fi takwarorinsu ƙoƙari a wasu darussan. Wanda ya iya tambayar kansa me labari ke nufi a harshe ɗaya, da wannan basira zai shiga na biyu.

Masu cewa babu littattafai, babu malaman da aka horar, gaskiya suka faɗa, sai dai wannan gazawar hukuma ce, kuma tana da magani. Shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato ya nuna ana iya buga littattafan Hausa na ƙananan azuzuwa a horar da malamai a kansu. Hukumomin ilimin firamare na jihohinmu su ɗora daga nan da kuɗinsu, kwalejojin ilimi kuma su koya wa malami ya riƙa dakatawa a tsakiyar labari, ya kira yaro da sunansa, ya tambaye shi me ya faru, me yake ganin zai biyo baya.