Ruwan mota ba ya raguwa haka kawai

Duk wanda ya taɓa bin hanyoyin ƙauyukan Korahane, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, ya san wahalar da mota take sha a wannan yanki. Rairayi yana riƙe ƙafafunta, inji yana aiki da ƙarfi, tafiya kuwa kaɗan-kaɗan, har iska ba ta ratsa radiyata yadda ya kamata. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40. A irin wannan wuri, motar da ruwanta yake zuba tana iya tsayawa a inda babu rijiya, babu makaniki. Wata rana hatsi ne cikinta, wata rana mace ce mai naƙuda ana neman kai ta likita a Dakoro.

Ƴan uwa masu karatu, abin da muke so kowa ya riƙe shi ne wannan: ruwan da ke sanyaya inji a rufe yake zagayawa. Daga radiyata ya shiga inji, ya kwashi zafi, ya komo radiyata ya huce. Motar da take da lafiya ba ta neman ƙarin ruwa kowace safiya. Idan ruwan yana raguwa, to, akwai inda yake fita. Direban da ya saba ƙara ruwa kullum bai gyara komai ba, ranar wahala kawai yake jinkirtawa.

Binciken ba shi da wuya, kuma ba ya cin kuɗi. Da safe, tun inji yana da sanyi, a duba ƙarƙashin mota. Da yake rairayi yana shanye ɗigo, sai a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji tun da dare. A duba tankin roba, a tabbata ruwa yana tsakanin alamomi biyu da aka zana a jikinsa. A matsa tiyon roba, wato duriti, da hannu: wanda ya tsage, ko ya kumbura, ko ya bushe ya yi tauri, lokacin canza shi ya yi. A duba bakin kowane tiyo inda aka ɗaure shi, da jikin radiyata, da ƙarƙashin famfon ruwa. Farin busasshen tabo ko tsatsa a waɗannan wurare shaida ce ta zuba.

Kada a raina murfin radiyata. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai kyau yana riƙe matsi har ruwan ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Idan robar murfin ta lalace, ruwa zai riƙa fita ta tururi ba a gani. Saboda wannan matsin ne kuma aka hana buɗe murfi inji yana da zafi, domin tafasasshen ruwa yana iya ƙone fuska da hannu.

Akwai zubar da ba ta sauka ƙasa. Idan shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ta ƙone, ruwa yakan shiga cikin injin kansa. Alamunta su ne farin hayaƙi mai yawa daga bututun baya, da man inji da ya koma kamar an dama shi da madara. Wanda ya ga haka ya kashe mota, ya nemi makaniki.

Dabarun kan hanya, irin su zuba garin barkono ko ƙwai cikin radiyata, suna iya kai mota gari, amma suna toshe ƙananan hanyoyin ruwa. Ruwan rijiya kuma yakan bar ƙasa-ƙasa da tsatsa a ciki. Ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa ya fi dacewa. Sai dai a kiyaye: yana da zaƙi, kuma guba ne ga yara da dabbobi. Kada a bar shi kwance inda awaki suke lasa.

Muna kira ga shugabannin ma'aikatu musamman. Motar likita da motar gunduma dukiyar jama'a ce, da harajin talaka aka saye su. Wajibi ne a ajiye littafi cikin kowace mota, direba ya rubuta ranar da ya duba ruwa da yawan abin da ya ƙara. Idan ya kawo ƙarar zuba, a saurare shi tun kuɗin gyara bai wuce na tiyo guda ba. Shugaban da ya ce a lallaɓa a tafi haka, shi ne zai sa hannu kan takardar sayen sabon inji.

Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci su ma suna da aiki a nan. Su karanta wa direbobi da yaran mota wannan bayani a tasha da kasuwa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kafin mota ta bar Korahane gobe da safe, a buɗe gabanta a duba ruwa.