Baƙin Mai da Hannun Ɗan Koyo

Malamai da fatake na ƙasar Yauri, ina so mu duba wani ciwo wanda ya yi yawa tsakanin kanikawanmu, har an daina lissafa shi cikin ciwo.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji cikin 1968, tabki ya cinye gungu da fadama, sana'a ta sāke a wannan yanki. Jirgin da dā ake tuƙawa da hannu, yanzu inji ke tura shi tsakanin Yelwa da Wara. Manomin albasa da na shinkafa a Shanga da Ngaski da injin ban ruwa suka dogara, ga injin niƙa da na casa ko'ina. Kowanne kuwa sai da mai gyara, mai gyaran nan yini yake yi hannunsa cikin baƙin mai da giris. In ya tashi, sai ya wanke da fetur ko kananzir.

To, a nan ɓarnar take. Fatar mutum tana da wani maiƙo nata wanda ke tsare ta. Fetur yana narkar da shi kamar yadda yake narkar da giris, sai fata ta bushe, ta yi ja, ta tsattsage, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Baƙin mai kuma yana toshe ƙofofin gashi, ƙuraje su feso a damtse da cinya, inda tufa ta jiƙe. Haka nan farin ruwan nan mai kama da madara, wanda masu injin fere ƙarfe ke zubawa don sanyaya aiki, in ya daɗe ba a sauya shi ba yakan ruɓe. Wani ma jikinsa yakan ƙi maganin da ke ciki, ko ɗigo ya taɓa shi sai ciwon ya tashi, har ya bar sana'ar.

Kada a raina wannan al'amari. Cikin 1775 wani likita a Ingila, Percivall Pott, ya gane cewa baƙin hayaƙi ne ke sa wa masu share bututun murhu sankara a fatar maraina. Daga baya aka ga irinta ga masu kaɗi a masaƙun Lankasha, waɗanda man inji ke jiƙa wa wando. Saboda haka tsumman mai da yaro ke cusawa cikin aljihu abin tsoro ne.

Nijeriya ta yi dokar biyan diyya ga ma'aikata cikin 2010, ta haɗa har da ciwon da aiki ya jawo. Amma ɗan koyon da ke gindin bishiya a bakin kogi bai san da ita ba. Nauyinsa yana wuyan ubangidansa, domin amana aka ba shi yaron, iyaye ne suka kawo shi ko malaminsa.

Za a ce safar hannu tana da tsada, tana da zafi. Na ji. Amma sabulu fa? Tun da aka janye tallafin mai cikin 2023, wanka da fetur ya zama almubazzaranci. A ajiye sabulu da ruwa mai tsabta a kowane gareji, a shafa man kaɗe bayan an wanke, a ware tufar aiki dabam. A sa safar roba wadda mai ba ya ci wajen wanke kayan inji, a cire ta kusa da abin da ke juyawa, kada ya fizge hannu. Rauni kuwa, a daina zuba masa baƙin mai ko man birki, a kai shi asibiti.

Malamai, kuna ganin hannuwan yaran nan wajen alwala. Ku yi wa iyayen gidansu magana. Fatake, ku kawo safa da sabulu kasuwar Yelwa bisa farashin da talaka zai iya. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin. Wassalam.