A Koya Mana Ma'anar "Crush" A Aji Kafin Wani Ya Koya Mana A Waya

Daga wata 'yar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wasu kalmomin Turanci da suke yawo a makarantar nan fiye da littafin darasi. Ana rubuta su a bayan littafin lissafi, ana kankara su da kan biro a jikin benci, ana raɗa su a layin famfo lokacin tara. "Crush", "date", "babe", "ex", "just friends". Babu malamin da ya taɓa rubuta ko ɗaya daga cikinsu a allo. Wanda aka kama da su a takarda kuwa ya san sauran, ko bulala ko tsintar leda a fili. Ni dai a ganina ya kamata malaman Turanci su ware ko da darasi ɗaya a zango su gaya mana ainihin ma'anar waɗannan kalmomi. Na san wasu za su ce yarinyar nan ba ta da kunya. A bari in gama tukuna.

Mu fara da "date", don ita ce ta fi rikita mutane. Kullum muna rubuta ta a saman shafi da ma'anar kwanan wata. Dabino ma sunansa ke nan da Turanci. Amma idan wani ya ce wa yarinya yana so su je "date", ba kwanan wata yake tambaya ba, kuma ba dabino zai saya mata ba. Yana nufin su fita su biyu, wani wuri, a matsayin masu son juna. Wasu suna fassara ta da zance, kuma a nan kuskuren yake. Zance a wurinmu saurayi ne zai zo ƙofar gidan su yarinya, ya aika yaro ya yi sallama da ita, iyaye sun san da zuwansa, maƙwabta suna ganinsa a kan tabarma ko a zaure, idan dare ya fara yi a aiko ƙanenta ya ce ana kiranta. A Ingila da Amurka, inda kalmar ta fito, mutum biyu ne suke shirya abinsu su haɗu a gidan cin abinci ko silima, kuma ba lallai ne maganar aure ta shigo ciki ba sam. To yarinyar da aka ce mata ai "date" zance ne kawai da Turanci, ta amsa da to, ta yarda da abin da ba shi ta ɗauka ba.

"Crush" kuma idan ka buɗe ƙamus, ma'anar farko da za ka gani ita ce murƙushewa, kamar yadda ake yi wa dunƙulen magi. Sai can ƙasa za ka ga ɗaya ma'anar: wani ya burge ka sosai, kana ta tunaninsa, amma yawanci a ɓoye, kuma yawanci ba ya daɗewa. Wannan na ƙarshen shi ne abin da nake so kowa ya riƙe. Turawan da kansu sun san abu ne mai wucewa, shi ya sa suka ba shi suna dabam, ba su kira shi "love" ba. Amma a nan sai ka ga an rubuto wa yarinya cewa ita ce "crush" ɗin wani, ta kasa cin abinci, ta kasa kwafar aikin allo, ƙawaye suna ta zuga ta kamar an kawo kuɗin gaisuwa. Da an gaya mata abin da kalmar take nufi, da dariya kawai za ta yi ta ci gaba da aikinta.

Ita ma "love" ɗin ba ta da nauyin da muke ɗora mata. Bature yana faɗinta a kan mahaifiyarsa, yana faɗinta a kan ƙwallo, yana faɗinta a kan shinkafa da miya. Mu muna da so, muna da ƙauna, muna da bege, muna da sha'awa, kuma ko ƙaramin yaro ya san ba ɗaya ba ne. Idan mutum ya ce wa yarinya da Hausa sha'awarta yake yi, nan take za ta gane inda ya dosa ta tsuke fuska. Idan ya juya harshe ya faɗa da Turanci, sai abin ya yi daɗin ji kamar a fim. Ina ganin wasu da gangan suke gudu zuwa Turanci, don abin da kunya ba za ta bari su faɗa da Hausa ba yana fita da sauƙi a can. Ka gwada fassara "baby" ka ji. Ƙato mai gemu ya tare ki a hanya yana ce miki jaririya!

Akwai kuma waɗanda ba na Ingila ba ne ma, namu ne na Nijeriya. Idan aka ce wani yana "toasting" ɗin wata, mu mun gane yana lallaɓa ta da daɗin baki. Bature kuwa burodi zai ɗauka ana gasawa. Duk wanda ya rubuta irin wannan a insha'in jarrabawar BECE a aji uku, jan biro ne zai biyo baya. Ƙamus mai kyau, irin na Oxford da ake yi don masu koyo, yakan sa alamar "informal" a gefen kalma don ka san ta hira ce, ba ta wasiƙar neman aiki ba. Wannan ma darasi ne, kuma na jarrabawa.

Wanda ya ce waɗannan kalmomi ba su da alaƙa da karatu bai duba da kyau ba. "Ex" da ake kiran tsohon saurayi da ita, ita ce dai ake maƙala wa tsohon shugaban ƙasa ko tsohon gwamna a jarida. "Engaged" tana nufin an yi wa mutum baiko, tana kuma nufin layin waya yana kan aiki, har a ƙofar banɗakin jirgi da wasu ofisoshi akan rubuta ta idan da mutum a ciki. Wanda aka yi wa baiko namiji "fiancé" ne, mace kuma "fiancée", da ƙarin harafi ɗaya, saboda daga Faransanci aka aro su. "Single" kuwa tana cikin kusan kowace takardar da manya suke cikewa a banki ko asibiti. Abin dariyar shi ne a bakin mutane kalma ɗaya ce take ɗauke da saurayi da budurwa da tuzuru da gwauro da bazawara, alhali mu kowanne da sunansa, har gwauro ma tashensa dabam a watan azumi.

Yanzu ga babbar hujjar waɗanda ba su yarda da ni ba. Suna cewa idan aka koyar da irin wannan a aji, an buɗe wa yara ido, an nuna musu hanyar lalacewa. Ban raina wannan magana ba, domin iyayenmu ne da malamanmu suke faɗa, kuma tsoron da suke ji gaskiya ne. Ni ma ban ce ɗan shekara goma sha uku ya yi soyayya ba. Ko kuɗin fensir sai mun roƙa a gida. Amma ina tambaya, idon da ake tsoron buɗewa a rufe yake? Facebook da TikTok sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, wato daidai shekarun yawancin 'yan ajinmu, kuma kowa ya san akwai waɗanda ba su kai ba suna shiga da wayar yayyensu ko ta mama idan ta yi barci. Finafinai suna nan, waƙoƙi suna tashi daga shagon mai cajin waya muna wucewa. Kalmomin sun riga sun shigo. Abin da ya rage shi ne wa zai fassara su. Idan malama ba ta yi ba, wanda ya turo saƙon shi zai yi, kuma zai fassara ne yadda zai amfane shi.

Wannan shi ne wurin da ya fi damuna. Akwai maganganun da idan babba ya rubuto wa yarinya ko yaro, ya kamata gabansa ya faɗi, amma da yake da Turanci suke sai su yi kama da wayewa. "Let's hang out" ba ta da alaƙa da rataya ko shanya, gayyata ce a fita tare. "Send me your pic" neman hotonki ne, kuma hoton da ya bar wayarki ba ki da iko da shi kuma. "Keep it between us" cewa ne kada ki gaya wa kowa. "Prove that you love me" kuwa ita ce mafi muni, don duk abin da zai biyo bayanta abu ne da aka san ba za ki yarda da shi haka kawai ba. Dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Babban mutumin da yake neman sirri da yaro, yana cewa kada iyaye su ji, ba masoyi ba ne ko da wane yare ya yi magana. Kuma ba mata kaɗai ake yi wa ba, don haka 'yan bayan aji masu dariya su ma su karanta.

Idan za a yi darasin, ina roƙon a haɗa da kalmomin ƙi. Mun iya "good morning sir" da "may I come in", an koya mana yadda ake neman izini da yadda ake godiya, amma ba a taɓa sa mu maimaita "I am not interested" ko "stop texting me" ko "I will show this to my mother" da ƙarfi ba. Da yawa daga cikinmu idan aka yi mana Turanci mai sauri sai mu daburce mu yi murmushi don kada a ce mu 'yan ƙauye ne, shi kuma ya ɗauki murmushin a matsayin amsa. Akwai kalmar "consent", wato yardar mutum da bakinsa ba tare da tilas ko tsoro ba. Ita ma ta cancanci a rubuta ta a allo da manyan baƙaƙe.

Ba sai an haɗa maza da mata ba idan ana ganin za a yi ta ihu. Malama ta ɗauki 'yan mata, malam ya ɗauki maza, minti arba'in ya isa. Malamin Hausa ma zai iya shigowa ya ajiye mana namu kalmomin a gefen nasu, mu ga inda suka yi daidai da inda suka rabu. Kafin hukumar makaranta ta duba wannan roƙo, mun ajiye kwalin alli a ƙarƙashin allon nan. Duk wanda aka rubuto masa wata kalma da bai gane ba, ya rubuta ta a 'yar takarda ya jefa, ba sai ya sa suna ko aji ba. Ranar Laraba bayan tashi za mu kai wa malamar Turanci, waɗanda ta amince da su kuma za su fito a nan mako mai zuwa.