Masu gudun yayi ma sun zama kasuwa

A Amurka da Birtaniya akwai matasan da ke alfahari da cewa ba sa bin yayi. Giyar manyan kamfanoni ba ta burge su, sai wadda ƙananan masu sana'a ke dafawa a unguwa. Haka a waƙa, sun fi son mawaƙin da ke fitar da faifansa da kansa a kan wanda rediyo ke yayatawa.

Sai dai masu jari sun daɗe da gano cewa wannan alfahari ma haja ce. A 2011 AB InBev, kamfanin giya mafi girma a duniya, ya sayi Goose Island na Chicago, a 2015 kuma ya ƙulla cinikin Camden Town Brewery na Landan. Sunan da ke jikin kwalba yana nan, amma riba ta koma wani aljihu.

Waƙa ma ba ta tsira ba. Bandcamp, dandalin da ƙananan mawaƙa ke sayar da waƙoƙinsu kai tsaye, ya koma hannun Epic Games a 2022, aka sake sayar da shi ga Songtradr a 2023, kusan rabin ma'aikatansa suka rasa aiki.

Kowa da abin da ransa ke so, wannan ba abin jayayya ba ne. Amma duk mai iƙirarin tallafa wa ƙaramin mawaƙi, ya kamata ya bi sawun kuɗinsa ya ga inda suka sauka. Ya sayi faifai daga hannun mawaƙin, ya biya kuɗin shiga wasansa, domin da waɗannan ne yake biyan haya.