Marubucin da Bai San Gidan Makama Ba

'Yan uwana marubuta. Yau da ku nake, kuma ba lallashi na zo yi ba.

Kullum sai a ɗauki jaruma a kai ta Dubai ko Landan, a cika shafi uku ana siffanta falon Alhaji da kujerun Italiya. Amma a ce marubuci ya siffanta ɗakin amaryar kakarsa, sai biro ya ƙafe! Alhali ga ɗakin can da jerensa a Gidan Makama, taku kaɗan daga Ƙofar Kudu. Ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, ga sulke da masu, ga hotunan Kano bayan zuwan Turawa a 1903. Gidan nan fa Muhammadu Rumfa ya zauna cikinsa kafin ya hau sarauta a 1463.

Su wa ke zuwa? 'Yan makaranta da malami ya taso a gaba, sai Bature da kyamararsa. Shi ya koma ya rubuta littafi a kanmu, namu kuma yana nan yana kwafar fim ɗin Indiya.

Na san za ku ce masu karatu soyayya suke so, tarihi ba ya sayuwa. Haba jama'a! Shekara fiye da 500 ana haɗa ido a Kasuwar Kurmi, wa ya ce ba soyayya a nan?

A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, badala kuwa ana ta yanka ta filaye. Na bi littattafan da ke kan kantata ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda ya ajiye mana kamannin tsohuwar ƙofar. Wallahi ko ɗaya babu.