Da Me Za A Yi Kwatancen Karu?

Duk ɗan Arewa da ya taɓa shiga Ikko a mota ya san siffofin nan uku na dattawa masu fararen huluna da ke yi wa baƙo maraba, waɗanda Bodun Shodeinde ya ƙera a 1991. Mazauna Sabo a Badun kuwa, in aka ce musu Mapo ba sa neman ƙarin bayani, domin ginin yana bisa tudunsa tun 1929. A gida ma haka abin yake. Bakano yana da Dala da Gidan Makama, Bakatsine yana da Gobarau, mutumin Daura yana da rijiyar Kusugu. To, mutumin Karu fa, wanda ke zaune a bakin ƙofar Babban Birnin Tarayya, da me zai yi kwatancen garinsa?

Amsar da ake samu a bakin direbobi da 'yan acaɓa ita ce gada, ko kasuwa, ko mayanka, ko gidan mai kaza. In an matsa, a ce kusa da makarantar horon ma'aikatan EFCC, ko gidajen ma'aikatan Babban Banki. Wurare ne masu amfani, babu mai musu. Amma babu ɗaya cikinsu da aka gina don ya shaida wa baƙo ko su wane ne mutanen Karu, ko kuwa don jama'a su sami inuwar da za su zauna da la'asar.

Karu kuwa ta girmi Abujar da ake gani yau nesa ba kusa ba. Garin Gbagyi ne, watau waɗanda Hausawa suka saba kira Gwarawa, suna noman doyarsu da dawarsu tun kafin marigayi Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar sabon babban birni ranar 3 ga Fabrairu, 1976. Da fari shirin Gwamnati shi ne a kwashe mutanen ƙasar kaf a kai su wajen iyaka. Da haka aka sami Sabon Wuse a Jihar Neja, aka sami Sabuwar Karu a ƙasar da a lokacin take cikin Jihar Filato, yau kuma take cikin Nasarawa. Da aka ga kuɗin diyya ya fi ƙarfin aljihu sai aka sassauta, wasu suka tashi, wasu suka zauna. Shi ya sa yau akwai Karu biyu da sarauta biyu: Sakaruyi a ɓangaren Birnin Tarayya, Esu Karu a ɓangaren Nasarawa. Yara nawa ne cikin waɗanda aka haifa a garin suka san wannan labari? Ina bangon da zai gaya musu?

Bayan Gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, sai jama'a suka yi ta kwararowa. Masinja da akawu da direba da mai gadi, waɗanda albashinsu ba zai kama ɗaki a Garki ko Wuse ba, suka sauka Karu da Nyanya da Jikwoyi da Kurudu, wasu suka zarce Mararaba da Masaka. Rushe-rushen da aka yi zamanin Malam Nasiru el-Rufa'i yana Minista, tsakanin 2003 da 2007, da hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006, sun ƙara turo wasu dubbai. Cikinsu akwai 'yan Arewa da yawa, mahauta da masu shayi da 'yan ga-ruwa da 'yan gwari, irin dai sana'o'in da 'yan'uwansu ke yi a Agege da Idi-Araba. Su ne ke cika hanyar Keffi tun asuba, su gangara Kugbo cikin cunkoso, su je su share birnin, su tsare shi, su ciyar da shi, su komo bayan isha'i.

Duk wani abin kallo kuwa can tsakiya aka jibge shi. Ƙofar Birni tana hanyar filin jirgin sama, inda manyan baƙi ke bi. Masallacin Ƙasa da babbar majami'ar ƙasa suna tsakiyar gari. Lambun Millennium, wanda Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta buɗe a Disambar 2003, yana Maitama. Har da doguwar hasumiyar nan da aka fara a 2006, aka yi shekara da shekaru ana jiran a gama. Magidanci a Karu da ke son ya kai iyalinsa shan iska ranar Sallah ko Kirsimeti tilas ya lissafa kuɗin motar mutum shida zuwa da dawowa, galibi kuma lissafin ne ke sa a fasa.

Wani zai ce garin da ke kukan ruwan famfo da kwata da cunkoso ina shi ina ado? Maganarsa tana kan hanya, ba kuma wanda ya ce a bar rijiya a gina hasumiya. Sai dai mazauna Kurmi sun fi kowa sanin amfanin dandali. Baƙon da ya sauka Badun da dare bai san kowa ba, in ya tambayi masallacin Sabo ya sami masauki. A nan ake cigiyar yaron da ya ɓata, a nan ake jin wa ya rasu a gida, a nan ake sulhunta rigima kafin ta kai ofishin 'yan sanda. Garin da ya tara Bagwari da Bahaushe da Inyamuri da Bayarabe da Tibi, amma ba su da wurin haɗuwa sai cikin motar haya, in wata jita-jita ta tashi ba a san inda dattawa za su taru su kashe ta ba.

Abin kwatance kuma ba lallai ne ya ci miliyoyi ba. A birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan akwai siffar Wellington, jarumin da ya ci Napoleon da yaƙi, bisa dokinsa, tun 1844. Samarin garin suka tsiri hawa da dare suna kifa masa robar nan mai tsini da ake jerawa a titi, kamar hula. A cire, su mayar. A 2013 hukumar birnin ta shirya kashe fam 65,000 ta ƙara wa dakalin tsawo don kowa ya huta. Mutum fiye da 10,000 suka sa hannu a takardar ƙin yarda, hukuma ta janye. Yau hoton mai doki da hular roba ne baƙi ke saye su kai gida tsaraba. Roba guda ce ta jawo wa garin wannan suna, saboda mutanen gari sun ɗauki abin nasu ne.

Ba a ce a kafa siffar mutum a Karu ba. Malamai da dama ba su yarda da hakan ba, abin da aka yi don haɗa kai kuwa bai kamata ya zama sanadin gardama ba. Ƙasar Gbagyi tana da abin da ya fi wannan, watau tukunya. Marigayiya Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, a Kwali aka haife ta, cikin yankin nan na Birnin Tarayya. A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne Baturen nan Michael Cardew ya ga randunanta, ta shiga makarantarsa ta ginin tukwane a 1954, ita ce mace ta farko. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. An sa wa titi sunanta a cikin birni, madalla. Matan Ushafa kuwa, inda Shugaba Clinton na Amurka ya kai ziyara a 2000, sun riƙe sana'ar. Ƙatuwar randa mai zanen Gbagyi a mashigar Karu, da bishiyoyin inuwa da bencina kewaye da ita, ba za ta ɓata wa Musulmi ko Kirista rai ba.

Masu aikin ma suna nan kusa: kafintocin Kugbo, masu walda, masu rubuta allunan shaguna, da maginan Zariya da Kano da suka iya zanen dagi a bango. A ba su bangon makarantun firamare da na kasuwa su zana tarihin garin. A kuma keɓe bango guda a rubuta sunayen mutum fiye da 70 da bom ya kashe a tashar Nyanya da safiyar 14 ga Afrilu, 2014, yawancinsu ma'aikata ne masu sammakon zuwa aiki daga waɗannan unguwanni.

Abin da ya fi gaggawa dai shi ne fili. Kowace shekara wani sarari da yara ke ƙwallo a cikinsa yakan wayi gari da shinge, bayan watanni a ga jerin shaguna. Ya kamata Sakaruyi da shugabannin Hausawa da na sauran ƙabilu, da ƙungiyar direbobi da ta mahauta, su tafi tare wurin Hukumar AMAC da Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, su nuna fili guda da yatsa, su nemi a ba da takardarsa da sunan jama'ar Karu, a kafa duwatsun iyaka tun kafin a zo maganar randa.