Baƙon Makaranta: Mai Zama Da Mai Ratse

Ya ku 'yan'uwa manoma, makarantun ƙasarmu ta Achida, da Wurno, da Rabah, da Goronyo ba sa rabuwa da baƙin malamai. Tun 1973 da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa aikin bautar ƙasa, ana turo samari da 'yan mata daga jihohi masu nisa su koyar shekara guda. Wani lokaci kuma mukan ji labarin magidanci ya taso daga wata ƙasa, da matarsa da 'ya'yansa, domin ya taimaki wata makaranta ba don neman kuɗi ba. To, a cikin baƙin nan, wane ne yake barin amfani a bayansa? Mu dai ga abin da muke gani: baƙon da ya zauna cikin mutane har ya zama ɗan gari, shi ne mai amfani. Rabin wannan aiki kuwa yana wuyanmu, mu masu masauki.

Bari mu kawo misali biyu.

A 1961 Amurka ta fara aiko da matasa masu aikin sa kai zuwa Nijeriya, galibinsu domin koyarwa. A watan Oktoba na shekarar, tun suna karɓar horo a Ibadan, wata budurwa a cikinsu ta rubuta kati zuwa gida, tana bayyana ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin bai kai Amurka ba, ya faɗa hannun ɗalibai. Suka kwafe shi, suka rarraba, hankali ya tashi ƙwarai, har ya zama tilas ta bar ƙasar ba ta koyar ba. Ba da mugun nufi ta zo ba. Amma ta yanke wa gari hukunci tun ƙurar tafiya ba ta bar ƙafarta ba. Hausawa sun ce baƙo makaho ne, ko da yana da ido.

Misali na biyu daga Maraɗi ne, a Jamhuriyar Nijar. Ba nesa ba ne da mu, gama Gulbin Maraɗi a Rima yake zuba, ruwan da ya wuce su shi ne yake biyowa ta Goronyo da Wurno. A 1981 wani malamin gona mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, ya iso can da matarsa da jaririnsu a ƙarƙashin mishan ta SIM. Aikin da ya fara ya haɗa da makarantar koyon noma ta Maza Tsaye, da kuma dashen itatuwa a ƙauyuka. Suka koyi Hausa, suka sha zafin bazara tare da kowa. Dashen kuwa bai yi albarka ba. Abin da rana ta bari sai awaki su cinye, abin da awaki suka bari sai gara da iska su ƙarasa.

A 1983, wata rana ya tsaya a hanya domin ya rage iskar taya saboda rairayi. Sai ya lura da wani ɗan tsiro a bakin hanya, ya duba ganyensa, ya gane ba ciyawa ba ce. Kututturen itace ne da aka sare, saiwarsa tana da rai a ƙasa, yana ta tohowa kowace shekara ana kuma sassabe shi. Daga nan aka fara abin da mutanen Maraɗi suke kira sassaben zamani. Watau manomi ya zaɓi rassa masu ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, a kan kututturen sabara ko kalgo ko gawo, ya sare sauran, ya riƙa gyara su har su zama itace. Da fari an yi masa dariya, wasu ma suka ce ya haukace. A yunwar 1984 aka haɗa wannan aiki da rabon abinci, mutane da yawa suka yi. Da abincin ya ƙare galibinsu suka sare itatuwan. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga itacen wuta, da abincin dabbobi, da gero mai kyau, maƙwabta kuma suka kwaikwaya. Iyalin nan sun zauna Nijar har 1999. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo sun kai kadada miliyan 5, itatuwa kuwa wajen miliyan 200.

Ku lura da kyau. Dabarar ba daga Ostireliya ya zo da ita ba. Kututturan suna nan tun kafin ya zo, tsofaffi kuma sun san itace yana tohowa. Abin da ya yi shi ne ya daɗe har idonsa ya buɗe, ya kuma iya harshen da zai zauna a gindin bishiya ya yi gardama da masu gona. Da a ce wata uku ya yi ya koma, da sai ya rubuta rahoto cewa itace ba ya rayuwa a ƙasar Hausa.

Me ya sa muke cewa zuwa da iyali yana da daraja? Na ɗaya, a ƙasarmu namiji baƙo iyakarsa zaure. Mace ce take shiga cikin gida, ta je barka da suna da gaisuwar mutuwa. A can ne za ta ji dalilin da ya sa aka cire yarinya daga aji huɗu, abin da ba za a taɓa faɗa wa hedimasta a ofis ba. Na biyu, yara sun fi manya saurin kama harshe, su ne kuma suke jawo iyayensu zuwa gidajen maƙwabta. Na uku, mutumin da ɗansa yake shan ruwan rijiyar gari ba ya wasa da maganar rijiyar.

Mun san akwai masu cewa kuɗin jirgi da na ciyar da iyali guda ya isa a gina aji, a kuma biya malamin gida albashi. Maganarsu tana da gaskiya a ciki. Idan zuwan na mako biyu ne, a yi wa bango fenti, a ɗauki hoto da 'ya'yanmu, a tafi, to, gara a aiko da kuɗin. Haka kuma bai kamata baƙo ya ture malaminmu na gida daga wurinsa ba, gama malamin gida shi zai saura bayan kowa ya tafi. Ma'aunin da za mu riƙe shi ne: ranar da baƙon ya ɗaure kayansa, wa ya bari wanda zai iya aikin ba tare da shi ba?

Yanzu ga namu rabon. Iyali daga ƙetare ba kullum suke zuwa ba, amma ɗan bautar ƙasa daga Binuwai ko Inugu, a wurinsa Achida wata duniya ce. Abin da ya wajaba ga wancan ya wajaba ga wannan. Muna ba kowace ƙungiyar gama kai shawara huɗu.

1. A makon farko, dattawa biyu su raka baƙon ya gai da uban ƙasa, da hakimi, da limamin gari. Wanda shugabanni suka san fuskarsa yana kwana da kwanciyar rai.

2. A ba shi gida guda ya zama gidan ubansa, inda zai ci tuwo ba sai an gayyace shi ba. A can zai koyi gaisuwa, ya gane “mi kaka so” na Sakkwatawa shi ne “me kake so” na littafi.

3. A yanka masa kunya biyu ko uku a gonar ƙungiya, ko fangali a fadama, ya shuka albasa ko tafarnuwa da hannunsa. Malamin da ya taɓa ban ruwa zai gane dalilin da ya sa aji yake raguwa lokacin dashe da lokacin girbi, ba zai kira yaranmu malalata ba.

4. Kada mu mai da shi rumbu. Idan kowace gaisuwa ta ƙare da roƙo, zai rufe ƙofarsa, ya fara ƙidayar kwanakin da suka rage masa. Mu nemi saninsa, mu kuma ba shi namu.

Ga baƙi kuma, in wannan takarda ta faɗa hannunku, roƙonmu kaɗan ne. Ku yi damina guda kuna tambaya kafin ku fara gyara. Ku ci abin da muke ci, ku zo mana jana'iza ko ba ku iya magana ba.

'Yan'uwa, 'ya'yanmu ne suke zaune a azuzuwan nan. Malamin da yake jin kansa a kurkuku ba zai koya musu kome ba sai jiran ƙararrawa. Saboda haka a taronku na wannan wata, bayan maganar taki da iri, ku tambaya: baƙin malamai nawa ne a makarantarmu, a gidan wa kuma suka ci tuwo a makon jiya? In ba wanda ya san amsa, sai a sa mutum biyu su je su gaishe su tun kafin ranar kasuwa.